Direban da ya kashe mutum a hatsari: abin da doka ta tanada da hukuncin da ya dace

Tambaya: Direban motar haya ya buge wani magidanci a gefen titi, ya rasu nan take, ya bar mata da ƙananan yara. Dattawan unguwa sun ce ƙarar kwana ce, a yafe masa kawai. Samarin gidan kuwa sun rantse sai an ɗaure shi har ƙarshen rayuwarsa. Me doka ta tanada a kan irin wannan direba, kuma wane hukunci ne zai zama adalci?

Amsa: Allah ya jiƙan mamacin, ya ba iyalinsa haƙurin rashi, ya raya abin da ya bari. Ɗan'uwa, da dattawan da samarin duk sun yi riga malam masallaci, domin babu wanda ya tsaya ya bincika yadda direban yake tuƙi kafin ya kai ga mutumin, alhali a nan hukuncin yake rataye. Mutuwa ɗaya ce, ko direba yana tafiya a natse ko yana sheƙa gudu da waya a kunne, amma laifin ya bambanta ƙwarai. Idan rai ya salwanta a kan titi, haƙƙi uku ne ke tasowa, kowanne da mai shi. Akwai na hukuma, wadda ke tsare rayukan sauran masu bin hanya. Akwai na magada, wato diyya. Akwai kuma na Allah, wato kaffara, idan direban Musulmi ne. Yawancin zaluncin da ake yi a irin wannan magana daga cakuɗa ukun nan yake fitowa, a ɗauka cewa da zarar babban gida ya ce "mun yafe" to duk sun faɗi.

A jihohin Arewa, kundin hukunta laifuffuka na Penal Code da ya fara aiki a 1960 shi ne tushe. Sashe na 221 ya tanadi hukuncin kisa ga wanda ya kashe rai da niyya. Da wuya wannan ya hau kan direba, sai fa in ya mai da motar makami, ya auna mutum ya take shi da gangan. Abin da ya fi shafar direbobi shi ne sashe na 222, ƙaramin sashe na 7, wanda ya cire kisan da ya auku ta hanyar garaje ko sakaci daga cikin laifuffukan da ake kashe mutum a kansu. Sashe na 224 kuma ya ba alƙali damar yanke ɗaurin rai da rai, ko ƙasa da haka, ko tara, ko ɗauri da tara gaba ɗaya. Wasu jihohi, kamar Kaduna a 2017, sun sake rubuta nasu kundin, lambobin sassan sun canza amma ma'anar tana nan. Idan a kan titin gwamnatin tarayya abin ya faru, irin na Kano zuwa Zariya ko na Kaduna zuwa Abuja, sashe na 5 na dokar manyan titunan tarayya ya tanadi ɗaurin shekara 7 ga wanda tuƙinsa na ganganci ya jawo mutuwa. A ƙarƙashin wannan sashe, sai mai gabatar da ƙara ya tabbatar da abu uku: cewa tuƙin na ganganci ne ko mai hatsari ga jama'a, cewa tuƙin ne ya jawo mutuwar, da cewa titin na tarayya ne.

Nauyin kawo hujja yana kan hukuma. Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne har sai an tabbatar, kuma a shari'ar laifi tabbatarwar sai ta kawar da duk wani kokwanto mai ma'ana. Ganin gawa a gaban mota bai isa hujja ba. Sashe na 48 na Penal Code ma ya wanke wanda tsautsayi ya afka masa yana cikin halattaccen aiki, ta halattacciyar hanya, tare da kulawar da ta kamata. Direban da ke tafiya a hannunsa, cikin gudun da doka ta yarda, da lafiyayyar mota, sai yaro ya ɓullo da gudu daga bayan tirelar da aka ajiye, wannan yana iya fita ba laifi ko kaɗan. Amma a lura da sharaɗin ƙarshe, wato kulawar da ta kamata. Shi ne ke kayar da mafi yawan masu cewa tsautsayi ne.

Gudu shi ne abu na farko da ake aunawa, kuma lissafinsa a fili yake. Ƙa'idar hanya ta Najeriya ta ba ƙaramar mota kilomita 50 a awa a cikin gari, 80 a babban titi, 100 a tagwayen titi. Tasi da bas suna tsayawa a 90 a tagwayen titi, tanka da tirela kuwa 45 a cikin gari, 60 a tagwayen titi. Motar da ke gudun 50 tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya, mai gudun 100 tana cin kusan mita 28. Direba mai cikakken hankali yana ɗaukar aƙalla daƙiƙa guda tsakanin ganin abu da taka birki. A busasshiyar kwalta mai kyau, mai gudun 50 zai ja birki kamar mita 14, ya tsaya cak a wajen mita 28 daga inda ya hango mutum. A daidai wannan wuri, mai gudun 100 yanzu ne ƙafarsa take isa kan birki, kuma yana buƙatar ƙarin mita 56 kafin ya tsaya, domin idan gudu ya ninka biyu, tazarar jan birki ninkawa huɗu take yi. Saboda haka direban da ya ratsa kasuwar bakin titi ko ƙofar makaranta da gudun 100 ya riga ya zaɓi cewa duk wanda ya gitta ba zai tsira ba. Haka wanda ya sunkuya yana duba waya na daƙiƙa 3 a wannan gudu, ya yi tafiyar sama da mita 80 ido a rufe.

Uzurin da aka fi ji a caji ofis shi ne birki ne ya tsinke ko taya ce ta fashe. Kotu tana karɓar wannan idan lalacewar ta zo ba zato, irin wadda duba mota na yau da kullum ba zai nuna ta ba. Ba ta karɓa daga wanda ya san sai ya buga birki sau biyu ko uku kafin ya kama, ko wanda kullum da safe sai ya ƙara man birki saboda yoyo, ko wanda bakanike ya gaya masa ya canza wani abu ya ce sai an dawo daga wannan lodin. Taya ma tana ɗauke da shaidarta a jikinta. A gefenta akwai lambobi huɗu a jere, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, ta yadda 2319 ke nufin mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, tana ɗaukar shekara 4 a matsayin wa'adin taya. Wanda ya ɗora fasinja 18 a kan suɗaɗɗiyar tayar gwanjo da ta haura wannan wa'adi, ya hau titi da tsakar rana a watan Afrilu lokacin da kwalta ke tafasa, ba shi da bakin cewa fashewar ta zo masa ba zato.

Inda shari'ar hatsari ta fi lalacewa shi ne a awannin farko. Ɗan sandan sashen kula da zirga-zirga ya kamata ya zo ya zana taswirar wurin: faɗin titi, inda aka yi karon, tsawon sawun birki a kan kwalta, inda gilashi ya zube, inda mota ta tsaya, inda mamacin ya faɗi. Direba da shaidu su sa hannu a kai. Daga nan jami'in VIO, wato mai duba lafiyar motoci, ya duba motar ya rubuta rahoto a kan birki, sitiyari, taya da fitilu. Likita kuma ya rubuta abin da ya yi sanadin mutuwar. Abin da kan faru shi ne a ture motar gefe kafin a auna komai, motoci su bi ta kan sawun birki su shafe shi, mai mota ya lallaɓa a sakar masa ita ya kai gareji kafin VIO ya gani, shaidu kuma su watse ba wanda ya karɓi sunansu. Mu Musulmi muna gaggauta jana'iza, kuma daidai ne, amma awa ɗaya da za a ɓata a kai gawa asibitin gwamnati likita ya duba ya rubuta takarda ba ta hana a yi sutura a ranar. Kotu takan iya yanke hukunci ba tare da rahoton likita ba idan mutuwar nan take ce a gaban shaidu. Idan kuwa mutum ya yi kwanaki yana jinya kafin ya cika, rashin wannan takarda ƙofa ce da lauyan direba zai bi ya ce wata cuta ce ta kashe shi. Duk wanda ke wurin da waya a hannu, ya ɗauki hoton titin, da lambar motar, da tayoyinta, kafin a taɓa komai. Wannan ya fi amfani nesa ba kusa ba a kan ɗaukar hoton gawa ana yaɗawa.

Shi direban, doka ta wajabta masa ya tsaya, ya taimaka a kai wanda ya ji rauni asibiti, ya kai rahoto ga 'yan sanda. Lambar FRSC ta gaggawa ita ce 122, kuma sashe na 20 na dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ya haramta wa asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa. Na san abin da ke sa direbobi da yawa gudu, tsoron taron jama'a ne, kuma tsoron na gaskiya ne. Wanda ya ga an fara ɗaukar duwatsu, ya wuce kai tsaye caji ofis mafi kusa ya miƙa kansa, ya faɗi inda abin ya faru. Wanda ya yi haka daban yake da wanda ya ɓoye mota ya canza mata fenti. Masu dukan direba har lahira ko cinna wa mota wuta kuwa su sani laifinsu ya fi nasa girma a doka da addini, don shi kuskure ya yi, su kuwa da niyya suka yi. Kuma wannan ɗabi'a ita ke sa a bar mai rauni kwance a titi jini na zuba har ya mutu.

Direban da aka kama yana da nasa haƙƙin. Sashe na 35 na tsarin mulki ya ce a kai shi kotu cikin kwana ɗaya, ko biyu idan kotu tana da nisa. Laifin ba na hukuncin kisa ba ne, saboda haka ana ba da beli. Dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015, wadda jihohi suka yi irin tasu, ta haramta kama wani a madadin wani, don haka tsare mahaifin direba ko matarsa har sai ya fito saɓa doka ne. Abin takaici, talakan direba kan shafe watanni a gidan yari yana jiran shawarar ma'aikatar shari'a, wani lokaci fiye da abin da alƙali zai yanke masa, yayin da ɗan mai hali da ya yi abin da ya fi nasa muni yake kwana a gida tun daren farko.

Ɓangaren Musulunci ya fi kowanne bayani dalla-dalla a kan haƙƙin iyali. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta ɗora wa wanda ya kashe mumini bisa kuskure abu biyu: diyya da za a miƙa wa iyalinsa sai in sun yafe, da 'yanta baiwa ko bawa, wanda bai samu ba ya yi azumin wata biyu a jere. Malaman Malikiyya sun daɗe da shimfiɗa ƙa'idar abin hawa. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, an ce mai kora dabba da mai jan ta da mahayinta duk suna lamunin abin da ta taka. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na 1993 a Brunei, ta ɗora mota a kan wannan ƙa'ida. Ta ce bin dokokin hanya wajibi ne a shari'a, kuma direba yana ɗaukar alhakin abin da motarsa ta yi, sai a hali uku: idan wani abu ne da ya fi ƙarfinsa kuma ba shi da hanyar kauce masa, ko wanda aka buge ne ya jawo abin da kansa, ko kuskuren wani ne daban, a nan sai alhakin ya koma kan wancan. Idan laifin na mutum biyu ne, a raba gwargwadon na kowa. Jihohin da suka kafa kundin laifuffuka na shari'ar Musulunci, tun daga Zamfara a shekarar 2000, sun sa diyya a matsayin hukuncin kisan kuskure ga Musulmi.

Cikakkiyar diyya raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000 na zinariya, ko dirhami 12,000 na azurfa. Dinari ɗaya giram 4.25 ne, ke nan diyya ta kama kilo 4 da giram 250 na zinariya. Hanya mafi sauƙi ta sanin kimarta a naira ita ce a ɗauki nisabin zakka da hukumomin zakka ke sanarwa, wanda dinari 20 ne, a ninka shi sau 50. Duk wanda ya yi wannan lissafi zai ga kuɗi ne da direban haya ba zai tara ba ko da zai yi tuƙi har tsufansa. Shari'a ta san da haka, shi ya sa ba ta ɗora diyyar kuskure a wuyansa shi kaɗai ba. Aƙilarsa ce ke biya, wato danginsa maza ta wajen uba, kuma a cikin shekara 3, kashi ɗaya bisa uku kowace shekara. Da yake zumunci irin na da ya yi rauni, majalisar fiƙihun nan a zamanta na 2005 a Dubai ta ce inshorar Musulunci ta takaful da ƙungiyoyin masu sana'a ɗaya suna iya tsayawa a matsayin aƙila. Wannan magana ta shafi ƙungiyoyin direbobi irin su NURTW kai tsaye. Ƙungiyar da ke karɓar kuɗi a kan kowace mota a kowace tasha kullum, ya dace a ce tana da asusun diyya da aka ware, wanda ake ciro wa marayu haƙƙinsu daga ciki, maimakon a tura wakilai gaisuwa da buhun shinkafa.

A kan yafiya nake so a tsaya sosai, domin a nan ake cin haƙƙin marayu da sunan tawakkali. Yafiya alheri ce, Alƙur'ani ya kira ta sadaka. Sai dai mutum yana sadaka ne da abin da ya mallaka. Diyya dukiya ce da ake rabawa kamar gado: matar mamacin tana da tumuninta, wato ɗaya bisa takwas, tunda akwai 'ya'ya, iyayensa in suna raye kowanne yana da sudusi, wato ɗaya bisa shida, sauran na 'ya'ya ne. Wa ko ƙanen mamaci, wanda galibi shi ke miƙewa a zaman makoki ya ce an yafe, ba shi da ko sisi a ciki matuƙar akwai ɗa namiji. Baligi mai hankali yana iya yafe nasa kason. Kason yaro ƙarami kuwa ba mai ikon zubar da shi, ko waliyyinsa, domin aikin waliyyi tsare dukiyar maraya ne. Sau da yawa matar tana cikin takaba, ba a ko shiga an tambaye ta ba, sai dai ta ji an sallami direba. Bayan wata shida a cire yaran daga makaranta, babbar ta fara talla. Imani da ƙaddara bai hana karɓar diyya ba, Allah da ya ƙaddara mutuwar shi ne ya wajabta biyan ta.

Kuma yafiyar magada iyakarta haƙƙinsu. Ba ta sauke kaffara daga kan direban da ke da sakaci a cikin abin. Wata biyu ne a jere, idan ya fara da tsayuwar wata ya bi lissafin wata, idan a tsakiya ya fara ya cika kwana 60. Ya sha ba uzuri, ya koma farko. Rashin lafiya ba ta yanke jerin matuƙar ya ci gaba da zarar ya warke, kuma ya zaɓi lokacin da Ramadan ko ranar Salla ba za su faɗo a ciki ba. A mazhabar Malik babu ciyarwa a madadin wannan azumi, kuma kowane rai da nasa: wanda ya yi sanadin mutuwar mutum uku, kaffara uku ke kansa. Haka nan yafiya ba ta rufe shari'ar laifi. A tsarin mulki, babban lauyan jiha ne ke da ikon janye tuhuma a ƙarƙashin sashe na 211. Takardar rantsuwar da dangi kan kai caji ofis cewa ba su da sha'awar ci gaba da magana tana iya sa alƙali ya sassauta, amma ba ta wanke direban da aka samu da ƙwaya a cikin jininsa.

Ga iyalin da ke neman haƙƙinsu, Musulmi ne ko Kirista, akwai kuma ƙarar neman diyya a babbar kotu a ƙarƙashin dokar haɗurran da suka jawo mutuwa. Wannan daban take da shari'ar laifi, kuma hujjar da ake buƙata ba ta kai waccan tsauri ba, rinjaye kawai ake nema, shi ya sa direban da aka sallama a can ana iya cin sa a nan. Kotu tana duba abin da mamacin yake kashe wa iyalinsa a shekara, da shekarun da ake sa ran zai ci gaba da yi, da kuɗin jinya da na jana'iza. Idan shi ma mamacin yana da nasa sakacin, misali ya tsallaka tagwayen titi a ƙarƙashin gadar da aka yi don masu tafiya a ƙasa, sai a rage gwargwadon haka. A haɗa mai motar a cikin ƙarar, domin doka tana ɗora wa ubangida alhakin sakacin direbansa idan a bakin aiki ya yi shi. A kuma sanar da kamfanin inshora a rubuce tun da wuri. Kowace mota a Najeriya wajibi ne ta kasance da inshorar da ke biyan wanda aka yi wa ɓarna. Daga Janairun 2023 kuɗinta ga ƙaramar motar gida ya koma naira 15,000 a shekara, tana biyan ɓarnar dukiya har naira miliyan 3, rauni da mutuwa kuwa ba a sa musu wannan iyaka ba. Matsalar ita ce takardun bogi da ake haɗa wa mutane a bakin ofisoshin lasisi sun yi yawa. Ana iya tantancewa da lambar mota a rumbun bayanan inshora na NIID, kuma wannan na cikin abin da ya kamata iyali su fara yi. Idan motar ta gwamnati ce, a ga lauya a makon farko, domin dokar kare jami'an gwamnati wata 3 kacal ta bayar a shigar da ƙara.

Kafin a zo kan hukunci, a dubi waɗanda ke bayan direban. Mai motar da ya yanka masa kuɗin da zai kawo kullum, wanda ba ya samuwa sai ya yi sawu biyu tsakanin Kano da Abuja ba barci, yana da hannu. Ɗan kamashon da ya loda mutane a saman tirelar da ke ɗauke da shanu ko buhunan hatsi yana da hannu. Direban babbar motar da ta lalace ya bar ta a tsakiyar titi da dare, ba fitila, ba alamar nan mai kusurwa uku, sai ɗan ganye da ya jefa taku biyar a bayanta, shi ne ya haddasa mutuwar waɗanda suka afka mata, ko da yana kwance a gefe lokacin. Uban da ya miƙa makulli ga yaron da bai kai shekara 18 ba, ya je yana juyi da mota a rakiyar amarya, ya kamata ya tsaya gaban alƙali tare da ɗansa. Idan aka ɗaure direba kaɗai aka bar waɗannan, gobe za a ba wani direban motar nan da birkinta yadda yake.

Hukuncin da na ga ya dace yana bin abin da direba ya zaɓa ya yi kafin hatsarin. Wanda bincike ya nuna ba shi da sakaci ko kaɗan, a sake shi da mutuncinsa, kada a tatse shi don kawai an ga yana tsoro. Wanda ya yi kuskure na ɗan lokaci, irin wanda kowane direba zai iya yi, kamar kuskuren auna tazarar mai babur a mahaɗa, ɗaurin shekaru ba ya ƙara wa kowa komai. Gidansa zai rushe, kuma marayun ba za su sami mai biyan su ba. Abin da ya dace da shi biyan diyya, dakatar da lasisi, da sake jarrabawar tuƙi kafin ya koma kan titi. Amma wanda ya sha tiramol ko wiwi ko giya ya kama sitiyari, ko yake tsere da wata mota don ya riga ta ɗaukar fasinja, ko ya wuce mota a kan kwana ko gada, ko fasinjoji suka yi ta roƙonsa ya rage gudu ya yi kunnen uwar shegu da su, ko ya gudu ya bar mutum yana numfashi, wannan ya cancanci zaman gidan yari na shekaru, ba tare da zaɓin tara ba, ko da iyali sun yafe nasu. A Ingila an raba laifin gida biyu: kisa ta tuƙin sakaci iyakarsa shekara 5, kisa ta tuƙin ganganci kuwa tun 2022 yana kaiwa ɗaurin rai da rai, tare da hana tuƙi na aƙalla shekara 5. Dokokinmu sun ba alƙali sararin yin irin wannan bambanci. Inda muke da rauni shi ne zaɓin tara da ake bai wa mai babban laifi, da kuma hana tuƙi da ba a bibiya, mutum ya kashe rai a wata jiha ya koma wata tasha ya ci gaba da lodi.

Game da wannan gida da aka yi tambaya a kansa, kada kowa ya sa hannu a takardar janyewa kafin a ga taswirar 'yan sanda da rahoton VIO, a kuma san matsayin inshorar motar. Idan sulhu aka zaɓa, kuma sau da yawa shi ya fi wa marayu amfani a kan shari'ar da za ta ɗauki shekaru, a yi shi a gaban alƙali, da mai motar da wakilin ƙungiyar direbobi a zaune. A shiga a tambayi matar ra'ayinta ita da kanta. A rubuta jimillar kuɗin, da abin da za a riƙa biya kowane wata, da ranar biya, da wanda ya tsaya wa direban idan ya gaza. Kason yaran a fitar da shi da sunan kowannensu, a ajiye a asusun da mutum ɗaya ba zai iya taɓawa shi kaɗai ba, alƙali ya sa hannu, kowane ɓangare ya riƙe kwafinsa.